Rijiyar Da Bamalli Ya Sa Aka Cike

Ladi mai kitso ce ta fara ba ni labarin Bamalli dubagari, wata rana ina zaune gabanta tana tsefe mini kai. Saura na ji daga bakin matarsa Rahmatu, wani kuma da kunnena na jiyo ta bayan katanga. Allah Ya yafe mini in na ƙara ko na rage.

Bamalli ɗan garin nan ne tun ana ce masa Abuja, kafin a karɓe sunan a ba mu Suleja. A Unguwar Kuka aka haife shi, can gangare wajen kwari, inda tsofaffin gidaje suke. Uwarsa ita ce Inna Azumi mai daddawa, ubansa kuwa ya rasu tun yana ƙarami. Ya je Kano ya yi karatun tsafta, ya dawo da kakinsa da dogon ludayi na duba randa. Amma shi ba irin dubagarin zamanin da ba ne, masu fasa tulu suna zagi. In ya ga tsutsa a randar da aka fito masa da ita zaure, sai ya tsuguna ya nuna wa mai gida, ya yi ta bayani har mutum ya gaji ya ce ya ji. Mutane suna yi masa dariya, suna kuma son sa.

A lokacin gidajen Kuka sun cika, ba wurin da saurayi zai yi ɗaki. Duk wanda ya yi aure sai ya hau tudu ya yi gini a Sabon Layi, kusa da titi. Haka ya zama tsofaffi suna ƙasa, 'ya'yansu da jikoki suna sama. Bamalli ma da ya auri Rahmatu can ya koma. Kowace unguwa da rijiyarta. Ta Kuka tsohuwa ce, ruwanta sanyi da garɗi, ba wanda ya san wanda ya haƙa ta. Ta Sabon Layi kuwa sabuwa ce, an ɗaure ta da siminti, mata suna ta ƙorafi wai ruwan yana da ɗanɗanon ƙarfe, ba ya kashe ƙishi.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, da wadda ta biyo ta, zawo da amai suka shiga yara. Da damina ta sauka sai ka ga an fito da ɗan ƙaramin likkafani a hannu, ba a ma buƙatar makara. Yawanci 'yan shekara biyu ne, waɗanda suka fara gudu suna kiran suna. Kwana biyu, uku, ido ya faɗa, shi ke nan. Kowa ya san ajali na Allah ne, Bamalli ma ya sani, don ba ya wasa da salla. Amma ya ce Allah Ya yi kowane abu da sababinsa, kuma shi zuciyarsa tana ba shi ruwa ne. Abin da bai sani ba, wace rijiya ce cikin biyun.

Namiji ba ya shiga gidan mutane, don haka ya roƙi Morenike, ungozomar asibiti, Bayarabiya mai fararen kaya da Hausar kasuwa. Ta yarda. Sati uku tana bin gida-gida da littafinta, tana yin tambaya biyu kawai yadda ya tsara mata: yaran gidan nan nawa zawo ya ɗauka a damina biyun nan, kuma daga wace rijiya gidan ke shan ruwa. Abin da aka faɗa mata ta rubuta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da suka haɗa lissafi, Sabon Layi talatin da ɗaya, Kuka huɗu.

Sanin abu daban, sa mutane su yarda daban. Da farko ya zana a babbar takarda, ginshiƙi dogo da gajere, ya kai ƙofar Mai Unguwa Dogara, wanda unguwannin biyu ke ƙarƙashinsa. Dattawa suka zagaye takardar. Dogara ya riƙe ta a juye, ya tambaya ko zanen sababbin rumfunan kasuwa ne. Bamalli ya yi ta cewa kashi kaza cikin ɗari, kashi kaza cikin ɗari, har gumi ya jiƙa masa kaki. Aka saurare shi don kunya, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Washegari aka ci gaba da ɗiban ruwa kamar ba a yi ba.

Abin ya dame shi har ya rame. Wata safiya ya sauka gaida uwarsa, ya same ta a kan buzu tana salati. Ita ba ta riƙe carbi, ƙwallayen dabino take tarawa, duk salati ɗaya ta jefa ɗaya a kwano, ƙwas. Ya tsaya yana kallo har ta idar. Ta ce masa lafiya yake kallonta kamar ya ga tsutsa a randa. Ya gaishe ta ya wuce rafin Iku, ya tsinci tsakuwa cike da aljihu, ya wanke su tas.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sake tara mutane a ƙofar Dogara. Wannan karon ba takarda. Langa biyu ya ajiye a kan tabarma, ya ce wannan rijiyar Kuka ce, wannan ta siminti ce, kowace tsakuwa kuma yaro ne da aka binne. Ya fara da ta Kuka, ya jefa huɗu, a hankali, yana barin ƙarar ta mutu kafin ya sake wata. Sannan ya matsa ga ɗayar. Ɗaya. Biyu. Da ya kai goma masu hira a baya suka yi shiru. Da ya kai ashirin ba ka jin komai sai ƙarar langa. Mu mata muna bayan katangu, ba mu ganin komai, amma ƙarar tana shigowa har tsakar gida, kowa tana ƙirgawa a ranta tana cewa yanzu zai tsaya, bai tsaya ba. Akwai wadda ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa. Sai da ya kai talatin da ɗaya ya kakkaɓe hannu.

Ba wanda ya tambayi komai. Ba malami ba jahili a ranar, kowa ya gane. Mahmudu direba, wanda ya binne biyu, ya tashi bai yi sallama da kowa ba, ya nufi Sabon Layi, ya cicciɓi dutse ya jefa a rijiyar siminti. Maza suka bi shi. Bamalli dai cewa ya yi a rufe ta da kwaɗo tukuna, a aika ruwan a gwada. Amma da ya ga jama'a da kwanduna da fartanyoyi, bai hana ba. Gaskiya ma daɗi ya ji, shekara nawa yana magana ba a ji, yau an ji. Kwana uku aka cike ta har baki, aka daddale. Aka aika rahoto Sakkwato, takardar yabo ta dawo. Dogara ya riƙa nuna shi ga baƙi yana cewa ɗansu ne.

Daga nan duk Sabon Layi suka koma gangarawa Kuka da tuluna. Rani ya shiga, ciwon ya lafa kamar yadda ya saba lafawa, mutane suka ce ka gani.

Bamalli da Rahmatu suna da ɗa ɗaya, Usmanu, sunan uban Bamalli ya ci. Da ruwan farko ya sauka ya isa yaye. To kowa ya san yadda ake yi. Ana ɗaukar yaro a kai shi gidan kakarsa ya kwana biyu, har ya manta nono, ya saba da koko da ruwa da tuwo, sannan a dawo da shi. Haka aka yi wa uwayenmu, haka aka yi mana. Rahmatu ta ɗan yi nauyin jiki, ta ce ko a bari damina ta wuce. Bamalli ya yi dariya, ya ce duk garin nan ba inda ya kai Kuka lafiya, shi da hannunsa ya ƙirga. Shi ya ɗauki yaron a kafaɗa ya sauka da shi.

Inna Azumi ta tarye su tun daga zaure tana tsokana. "Ga maigidana ya iso. Kai, miji ba ko goro? To shigo, na sake ka tun ba ka zauna ba." Yaron ya ƙyalƙyale ya kama mata zani. Ta ɗebo ruwa mai sanyi a randa da moɗa, ta ba shi ya sha, ta shafa masa saura a fuska. Bamalli yana tsaye yana murmushi.

Kwana na biyar cikin yaron ya ɓaci. Inna ta jiƙa saiwa, ta karɓo rubutu, ta ce haƙori ne ko kewar uwa. Kwana na shida da hantsi aka aika wa Bamalli wurin aiki. Ya ɗauko shi a guje zuwa asibiti, jikin ya yi laushi kamar tsumma. Kafin azahar Allah Ya karɓi abinSa. Da yake ɗan fari ne, Rahmatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta juya fuska ga bango kawai.

Bayan sadakar bakwai Morenike ta zo gaisuwa, suka zauna a zaure. Ba ta so ta fito da littafi ba, shi ya ce ta fito da shi, aiki aiki ne, ɗansa bai fi na kowa ba. Ta buɗe, ta tambaye shi gidan da za ta rubuta. Ya ce gidansa mana, Sabon Layi.

Ta ɗaga biro ta tsaya. "Amma Malam, ba gidan Mama ya kwanta ba?"

Ya ce ai yaye aka kai shi, sai kalmar yayen ta dawo masa a kunne. Sannan ya ce ta koma baya, shafin bara, ta karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta fara. Shi kuwa ɗan gari ne, duk sunan da ta kira ya san uban, ya san kakar, ya san gidan da take. 'Yar Mahmudu, kakarta a Kuka. Ɗan tela, kakarsa a Kuka. Ya tashi a ranar, da makoki a zuciyarsa, ya bi iyayen maza a kasuwa da tasha yana tambaya abu ɗaya: a ina yaron yake kwana lokacin da zawon ya fara? Kafin kwana huɗu ya gama. Cikin talatin da ɗayan nan, ashirin da shida a gidan kaka ciwon ya kama su, suna yaye. An dai dawo da su ɗakin uwa ne suka cika.

Ba wanda ya yi ƙarya. Da Morenike ta tambayi tsofaffin Kuka, suka ce ba yaron gidan nan da ya rasu, gaskiya suka faɗa, ɗa na gidan ubansa ne. Da ta tambayi matan Sabon Layi, suka ce namu ne, kuma siminti muke sha, su ma gaskiya suka faɗa. Rijiyar Kuka tana kwari, ramukan masai na unguwar duk suna sama da ita, in ruwa ya sauka komai can yake tsiyaya. Manya sun saba, cikinsu ya daure. Yaron da jiya ya bar nono shi ne ba ya daurewa. Rijiyar da ba ta kashe kowa ba ita aka cike, wadda ke kisa ita aka tura wa gari duka.

Morenike ta yi kuka, ta ce laifinta ne. Ya ce a'a, ita baƙuwa ce, ina za ta san yaye. Shi da aka yaye a Kuka, shi ya tsara tambayar.

Daminar nan ta fi na baya muni. Yanzu ba 'yan yaye kaɗai ba, har na goye da ake ɗura wa ruwa, har 'yan shekara huɗu da biyar a Sabon Layi. Bamalli ya je wurin babbansu a ofis ya faɗa masa komai, ya roƙi a tone rijiyar siminti. Mutumin ya ce rahoto ya riga ya tafi, an yaba, yanzu ya rubuta ya ce me? Ya ce ya yi haƙuri, ana maganar za a kawo babban birnin ƙasa kusa, famfo na zuwa kowane gida. Ya ba shi hutun sati biyu, wai ya huta.

Bai huta ba. Ya roƙi Dogara ya tara masa jama'a, ya dawo da langa biyun ranar Juma'a. Mutane sun zo, amma tsaitsaye, ba wanda ya zauna. Ya ce ya yi kuskure, ya bayyana yadda aka yi, bai ɓoye komai ba. Sannan ya fara kwashe tsakuwa daga langar siminti yana mayarwa ta Kuka. Ƙarar dai ita ce, irin ta bara. Amma bai kai bakwai ba wani ya yi tsaki, wani ya ce yau kuma wasan 'yan kama aka zo yi. Aka fara surutu. Mu a bayan katanga ba mu ƙara jin ƙarar ba.

Dogara ya ɗaga hannu aka yi shiru. Bai yi faɗa ba, da taushi ya yi magana, shi ya fi ciwo. "Ɗana, bara ka jefa dutse ka ce waccan, muka cike. Bana ka jefa dutse ka ce wannan. In muka cike ta, baɗi me za mu sha? Dutsen nan duk inda ka jefa shi ƙara zai yi."

Bamalli ya ce ranka ya daɗe, ba ya ce a cike ba, a tone waccan, kafin nan a riƙa tafasa wa yara ruwa. Mahmudu direba ya matso har gabansa. A daminar ya binne na uku, jaririya. Ya ce shi da hannunsa ya jefa dutsen farko a kan maganar Bamalli, yanzu yana so ya ce masa shi ya kashe 'yarsa? Ya fi masa sauƙi ya yarda Bamalli ya taɓu. Aka riƙe shi. Wasu dattawa suka ce a yi masa uzuri, mutuwar ɗa ba wasa ba ce, a nema masa rubutu. Haka taron ya watse, ya tattara kayansa shi kaɗai.

Maganar ta riga shi isa Kuka, kuma ba yadda ya faɗe ta ta isa ba. Tsofaffi suka ce Bamalli ya tsaya a bainar jama'a ya ce kakanni ke cinye jikokinsu. Da ya shiga gida ya tarar da Inna Azumi tana shanya kalwa, ba ta ɗago ba. Ya tsuguna ya gaishe ta sau biyu.

"Wato ni na ba shi," in ji ta. "Da moɗata."

"Ba ke ba ce, Inna. Ni na ƙirga, ni na kawo shi."

"Ruwan nan shi na sha na haife ka. Shi na yaye ka da shi, ga ka nan tsaye da bakinka."

Ya ce ta yarda dai ya kawo mata itace, ta riƙa tafasawa in jikokin 'yan uwansa sun zo. Ta ce ita ba maijego ba ce da za ta sha ruwan zafi, kuma in ta fara tafasawa yau, ta amsa ke nan a gaban duk unguwa cewa ita ta yi. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, rana na tafiya. Tun daga ranar in ya zo gaisuwa tana amsawa, amma ba ta ƙara yi masa wasa ba, ba ta kuma ƙara ambaton yaron ba.

Morenike ta nemi canji ta koma ƙasarsu. Bamalli ya gwada tone rijiyar shi kaɗai da diga, ya yi kwana biyu, mai filin da ke kusa ya kai ƙara, aka hana. Yanzu ma an yi shago a kanta. Daga baya aka ɗauke shi daga duba gari, aka mayar da shi mahauta yana duba nama, inda ba sai ya yi wa kowa bayani ba, ya duba hanta ya buga hatimi. Sunan gari ya canza, manyan motoci suna ta wucewa da kayan gini, baƙi sun cika ko'ina, famfon dai bai iso Kuka ba, bai iso Sabon Layi ba. Rahmatu ta sake haihuwa, mace. A ɗakinta ta yaye ta, da ruwan tafasasshe, dangi suna ta zunɗe wai sun raina tsohuwa. Yarinyar tana nan da ranta. Mata biyu ko uku sun yi koyi da ita a ɓoye, ba su faɗa wa mazansu dalili ba. Sauran kuwa ana nan ana kai yaye gangare. Daminar bana an fito da biyar, Allah Ya sa masu ceto ne.

Shi Bamalli ya daina tara jama'a, ya daina faɗin lissafi ko ga mutum ɗaya. Abin da yake yi yanzu, in ya ji gidan da za a yi yaye, sai ya tashi daga mahauta ya tafi can, ya yi sallama ya zauna a zaure, ya roƙi mai gida ya bar yaron wurin uwarsa har ruwa ya ɗauke. Wani ya saurare shi ya ce in sha Allahu, washegari a ɗauki yaron. Wani ya aiko a ce ba ya nan. Satin nan gidan Mu'azu kafinta ne, 'yarsu ta isa. Yau kwana uku Bamalli yana zuwa bayan azahar ya zauna. Mu'azu ta ƙofar baya yake fita. Ranar Asabar za a kai yarinyar Kuka.